Asabar a Suleja, wuta ta ɗauke, Hajiya na jira

Duk ma'aikacin da ya taɓa barin Abuja da yammacin Juma'a ya san lissafin: a wuce Zuba, a haƙura da cunkoson Madalla, Dutsen Zuma ya bayyana, sai zuciya ta kwanta. Haka na isa gidanmu a Suleja daren 18 ga Oktoba, 2024, da alkawarin kwana biyu cur tare da mahaifiyata, wadda na yi wata uku ina ba ta haƙuri ta waya.

Da safiyar Asabar, wajen ƙarfe takwas, fanka ta tsaya. Babu wanda ya ko ɗaga kai, domin ɗaukewar wuta ba baƙuwa ba ce a unguwarmu. Sai da hantsi ya dubi ludayi labari ya iso cewa babban layin lantarki na ƙasa ne ya durƙushe, karo na uku cikin mako guda, bayan wata na'ura ta fashe a tashar Jebba. A nan kowa ya gane babu mai iya cewa yaushe za ta dawo.

Hajiya tana da ciwon sukari, allurarta kuma ba ta jure zafi. A firiji take zama. Janaretan gidan ya daɗe a lulluɓe tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ranar da muka neme shi kuwa ya ƙi tashi. Ƙanwata ta ce, "Yaya, sai dai ƙanƙara." Na hau acaɓa ina bin masu sayarwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce an riga ni. A wuri na huɗu na samu, a farashin da ban tsaya tayawa ba.

Sannan ga waya. Wanda ke aiki ƙarƙashin wani babba ya san Asabar suna ce kawai. Kira ɗaya da ba a amsa ba yana iya zama maganar ofis ranar Litinin. Na tarar da rumfar mai caji cike da irina, masu katin shaidar ma'aikatu daban-daban, kowa ya zuba wa wayarsa ido kamar mai jinya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a Jihar Neja muke. Madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru duk a ƙasarta suke. Garin nan ma shi ne Abuja ta asali, shi ya sallama wa sabon babban birni sunansa, ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Amma wutar da aka samar a nan sai ta hau layin ƙasa kafin ta sauko gidajenmu, idan layin ya faɗi kuwa, maƙwabcin madatsa da na nesa duk duhu ɗaya suke kwana.

Na dawo gida bayan la'asar. Hajiya na zaune a tabarma, ta sa allurar cikin kula, tuwon da ta tuƙa mini tun azahar ya huce.

"Sannu da zuwa," in ji ta. "Ni ka zo gaisarwa, ko mai caji?"

Na ajiye wayar a aljihu, na jawo kwanon, na zauna kusa da ita.