Musa Ɗanƙwairo

Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun (ya rasu a shekarar 1991) makaɗin fada ne kuma mawaƙin Hausa, wanda ya shahara da kiɗan kotso. Ya tsara waƙoƙin sarauta masu yawa, ya kuma horar da makaɗan da suka gaje shi.

Farkon rayuwa

An haife shi a ƙasar Bakura a farkon ƙarni na 20. A lokacin yankin yana cikin Lardin Sakkwato, amma tun 1996 yana cikin Jihar Zamfara. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne, haka ma yayansa Abdu Kurna. Musa ya fara da yin amshi a bayan mahaifinsa, sannan ya zama mataimakin Kurna kafin ya kafa ƙungiyarsa. Gidansu ya yi wa Sarkin Ƙayan Maradun kiɗa, shi ya sa ake jingina shi ga Maradun.

Kiɗan kotso

Kotso ɗan'uwan kalangu ne, sai dai baki ɗaya ake rufe masa da fata, kuma da hannu ake kaɗa shi. Makaɗi yakan matsa tsarkiya ko ya sassauta ta domin sauti ya hau ko ya sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, wannan yana ba kotso damar bin hawa da saukar muryar mawaƙi. Ɗanƙwairo yakan fara ɗan waƙa, 'yan amshi su karɓa su ƙarasa, sannan a koma ga gindin waƙar.

Waƙoƙi

Ya yi wa sarakunan Arewa da dama waƙa, ciki har da 'Yandoton Tsafe. Sunansa ya ƙara fitowa ne da waƙoƙin da ya yi wa Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, Firimiyan Arewa, wanda aka kashe a 1966. Waƙoƙinsa cike suke da karin harshen Sakkwato da Zamfara, don haka masu nazarin harshe suke amfani da su.

Koyarwa da gado

Ba a rubuce ake koyon kotso ba. Yaro yakan saurara, ya yi amshi shekara da shekaru. Ta wannan hanya Ɗanƙwairo ya koyar da 'ya'yansa, waɗanda suka ci gaba da sana'ar bayan rasuwarsa. Abin da bai shiga faifai ba, yana kan waɗannan magada kawai. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau yana cikin manazartan da suka rubuta tarihinsa.