Karo-karon intanet: Yadda ake sayar da na'urar gem tun kafin a ƙera ta

Duk wanda ya taso a Birni, Zango ko Sabon Gari a shekarun 1990 zai tuna da wata ƴar na'ura da ake haɗawa da tele, a cusa mata kaset ruwan ɗorawa, yara su yi cincirindo suna jiran layi su buga Super Mario ko su harbi agwagi da bindigar roba. Yawancin waɗanda suka iso kasuwanninmu kwaikwayo ne daga Sin na wata na'ura mai suna Famicom, wadda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar a 1983. Yaran wancan lokaci su ne magidanta a yau, kuma a ƙasashen Turai da Amurka an gano cewa begen da suke yi wa wasannin ƙuruciyarsu haja ce mai tsada.

A watan Nuwamba na 2016 Nintendo ya sake fito da tsohuwar na'urarsa a ƙaramin jiki, da wasanni 30 a ciki, a kan dala 60. Dalar Amurka muke nufi a nan, ba dalarmu ta kasuwa ba. Kafin ƙarshen Afrilun 2017 ya sayar da guda miliyan 2 da dubu 300. Shi Nintendo da jarinsa ya ƙera kayansa. Ƙananan masu ƙira da ba su da irin wannan ƙarfi kuwa, tun kafin nan suka samo wata hanya: su roƙi masu saye su biya tun kayan ba su wanzu ba.

Yadda abin yake tafiya

Shafuka biyu ne suka fi suna a wannan harka, Indiegogo da aka buɗe a 2008 da Kickstarter da aka buɗe a 2009, dukansu a Amurka. Mai ƙira zai sa hoton bidiyo na abin da yake son yi, ya faɗi kuɗin da yake nema da ranar rufe karɓa. A Kickstarter, idan kuɗin bai cika ba a wa'adin, ba a cire ko dala daga hannun kowa. Idan ya cika, shafin ya ɗauki la'adarsa ta kashi 5 cikin 100, a cire kuɗin hidimar biya, saura ya shiga hannun mai ƙira. Daga nan shafin ba ya lamunce wa kowa cewa kaya za su iso.

Tallar ma da dabara ake yin ta. Waɗanda suka riga zuwa su samu rangwame. Wanda ya ba da kuɗi mai kauri a rubuta sunansa a jikin na'urar ko a cikin wasan. A kuma ce idan kuɗi ya kai kaza za a ƙara kaza, don kowane mai zubi ya zama ɗan talla, ya jawo abokansa.

Iyayenmu mata na Kasuwar Dole za su ce ai wannan adashe ne. Akwai kama, amma bambancin ya fi yawa. A adashe kin san uwar adashe, kin san gidanta da mijinta, kin san ranar ɗaukarki. A ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maradi a 1991 kafin su bazu a Nijar da wasu ƙasashe, a gaban kowa ake zubi, a gaban kowa ake ƙirga abin da ke cikin asusu. A karo-karon intanet kuwa mutum dubu sittin na iya miƙa kuɗi ga wanda ba su taɓa gani ba.

Waɗanda suka tara kuɗi, da abin da ya biyo baya

A watan Yulin 2012 wata mata mai suna Julie Uhrman da abokan aikinta suka nemi dala dubu 950 don ƙera ƴar na'ura mai suna Ouya, wadda za a sayar dala 99, kimanin jaka 50 a canjin lokacin. Cikin awa takwas kuɗin ya cika. Ranar rufewa mutum fiye da dubu 63 sun tara dala miliyan 8 da rabi da ɗoriya, wato sama da sefa miliyan dubu 4. An ƙera na'urar, ta shiga kanti a Yunin 2013, amma wasanninta ba su ja masu saye ba. A 2015 kamfanin Razer ya saye harkar, a Yunin 2019 aka rufe shagon wasanninta na intanet. Cikar rumfa ranar buɗewa ba ita ce kasuwa ba.

Na biyu ya fi muni. A Satumban 2015 wasu Amurkawa suka nemi kusan dala miliyan 2 don wata na'ura mai cin kaset irin na da, Retro VGS, alhali ba su nuna samfur mai aiki ba. Abin da aka yi alkawarin ba su bai kai dala dubu 100 ba, suka janye. Sai suka sake mata suna Coleco Chameleon, suka kai ta baje kolin kayan wasa na New York a Fabrairun 2016. Masu ido suka lura cewa abin da ke cikin kwanson ya yi kama da kayan cikin tsohuwar Super Nintendo. Da aka sake fitar da wasu hotuna, aka gano allon da ke ciki na ɗaukar hoton kyamarar tsaro ne. A Maris kamfanin Coleco ya janye sunansa, magana ta mutu. Waɗanda suka dage sai sun ga cikin buhu ne suka ceci kuɗin jama'a.

A Ingila ba a yi wannan sa'a ba. A 2016 mutum fiye da 4,000 suka zuba sama da fam dubu 500, fiye da sefa miliyan 400, don wata na'urar hannu mai suna Vega+. Shugabannin kamfanin suka ɓata da juna, aka shiga shari'a, kaya ƙalilan ne suka fita a 2018, sannan a farkon 2019 kotu ta rushe kamfanin. Mafi yawan masu zubi ba na'ura, ba kuɗi.

Akwai kuma waɗanda suka cika alkawari. Masu ZX Spectrum Next, a Ingila su ma, sun nuna allon na'urarsu yana aiki kafin su nemi kuɗi a 2017, suka samu fam dubu 723. Sun makara da kimanin shekara biyu, amma suna sanar da mutane halin da ake ciki, kuma a 2020 kaya suka isa. Da suka koma neman kuɗi a wannan shekarar, sai da aka ba su fiye da fam miliyan 1 da dubu 800. Wanda ya riƙe amana a zubin farko ba ya wahalar neman na biyu.

A nahiyarmu ma an gwada. A Yawunde ta Kamaru, Olivier Madiba da kamfaninsa Kiro'o Games sun sayar da hannun jari ga ɗaiɗaikun mutane, suka kuma tara kusan yuro dubu 50, kimanin sefa miliyan 32, a Kickstarter a 2015. Wasansu mai suna Aurion, wanda aka gina a kan al'adun Afirka, ya fito a Afrilun 2016. Su wasa suka yi, ba na'ura ba, kuma hakan ya rage musu haɗari: wasa ba ya buƙatar masana'anta, jirgin ruwa ko kwastan.

Ina ruwan ɗan kasuwar Damagaram?

Ruwa biyu ne. Na farko, irin waɗannan na'urori na kwaikwayo, masu ɗauke da ɗaruruwan tsoffin wasanni, suna fitowa daga Sin da araha, kuma hanyar da sauran kayan lantarki ke bi ta Kano zuwa Matamai ko Magarya ita suke bi. Mai son saka jari a ciki ya tuna cewa kwali ba shaida ba ne. A jona ta da tele a gaban dillali, a gwada hannuwan biyu, a duba ko wasannin da aka rubuta dubu ba guda hamsin ba ne da aka maimaita. A tambayi ko ana samun hannu da waya na canji, domin su ke fara lalacewa. A kuma yi la'akari da ɗaukewar wuta: wadda ke aiki da batir ko ƙaramin faifan sola ta fi saurin fita.

Na biyu, salon karɓar kuɗi kafin kaya ya riga ya shigo mana ta salula. A WhatsApp da Facebook ana tallar atamfa, turare da kayan kicin, a ce a tura kafin alƙalami, kaya na hanya. Fatauci da kuɗin mutane ba baƙo ba ne a garin da Malam Yaro ya yi suna a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da ayari ke wata da watanni tsakanin Damagaram da Tarabulus. Amma a wancan zamani an san madugu, an san mai masaukinsa, akwai kuma fadar sarki da alƙali idan magana ta tashi. Malaman fiƙihu ma da suka halatta cinikin salam, wato biya yanzu a karɓi kaya daga baya, sun gindaya sharaɗin a san siffar kayan, a san yawansu, a san ranar miƙa su.

Don haka kafin ki tura kuɗi, ki nemi amsar abu huɗu. Kin ga samfur yana aiki, ko hoto kawai? Wa ke riƙe da kuɗin, kuma wa ya san shi a garinku? Wace rana aka yanke? Idan ranar ta wuce, wa zai mayar miki da kuɗinki?

Kai kuma da kake karɓar kuɗin mutane, kada ka yanke ranar da babu sarari a cikinta. Kowa ya ga yadda Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Ka rubuta sunan kowa da abin da ya bayar, kada ka gauraya kuɗin da na cefanen gida, kuma idan kaya suka makara ka riga mai kuɗi magana. Abin da ya raba masu Spectrum Next da masu Vega+ ke nan, alhali ƙasarsu ɗaya, hajarsu kusan iri ɗaya.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mana guminmu.