Yadda Masunci Zai Raya 'Yan Kifin Ƙugiya A Ƙasar Kazage

Da zarar damina ta ɗauke, yawancin rafukan ƙasar Birnin Gwari sukan yanke, ruwa ya koma gurabe masu zurfi, manyan kifaye kuma su taru a cikinsu. Wannan shi ne lokacin mai ƙugiya. Sai dai ba kowane kifi ne ake yaudara da tana ba. Tarwaɗa ba ta da zaɓe, matacce ma ci take yi, amma tsage da sauran kifaye mafarauta sun fi kai wa abin da ke motsi hari. Saboda haka masuncin da 'yan kifinsa suka mutu kafin ya ɗana, ya yi asarar yininsa tun bai jefa ƙugiya ba.

A gundumar Kazage wannan asara tana da nauyi na daban. A shekarar 2022 hare-haren 'yan bindiga sun sa mutanen Damari da ƙauyukan kewaye barin gidajensu, gonaki da bakin rafi duk suka gagari masu su. Bayan sulhun da Gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla, Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024. Duk da haka, wanda ya ga abin da ya faru ba zai so dare ya same shi a bakin ruwa ba. Dabarar da ta rage masa ita ce ya kama 'yan kifi da safe, ya ɗana da la'asar, ya koma gida kafin magariba. Watau dole ne su rayu a hannunsa cikin sa'o'in da rana ta fi zafi.

Abin da ke kashe su a wannan tsakani ƙarancin iska ne. Kifi yana numfashi da iskar da ta narke a cikin ruwa, kuma gwargwadon zafin ruwa gwargwadon raguwarta. Lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 20 tana riƙe kimanin miligiram 9 na iskar numfashi, idan kuwa ya kai digiri 30 sai ta sauko kusan 7 da rabi, alhali a lokacin ne jikin kifin ya fi bukatarta. Shi ya sa 'yan kifin da suka yini lafiya da hunturu sukan kife kafin azahar a watan Maris ko Afrilu. Alamar farko ita ce su taso sama suna buɗe baki. Duk wanda ya ga haka, lalle ne ya rage su, ya kuma sauya ruwa nan take.

Mazubi yana da nasa hukunci. Jarka mai ƙaramin baki ita ce mafi muni, domin ta saman ruwa iska ke shiga. Bokitin ƙarfe kuwa yana ɗaukar zafi. Randa ko babbar tukunyar ƙasa mai faɗin baki ta fi su duka, saboda tsattsafowar da take yi tana sanyaya abin da ke cikinta, kamar dai yadda take yi wa ruwan sha, musamman idan an ajiye ta a inuwa. Wanda yake kusa da rafi ma bai bukatar randa: ya zuba su a kwando mai murfi ko a cikin gura, ya nutsar inda ruwa ke ɗan gudu, ya ɗaure da igiya.

Sauya ruwa kuma da sannu ake yi. A kwashe kashi ɗaya cikin uku, a mayar da na rafin da aka kamo su, domin juye musu ruwa mai sanyi gaba ɗaya yana iya kashe su kamar yadda zafi ke yi. Ruwan rijiya ba shi da iska sosai, sai an kwararo shi daga sama sau da dama. Na famfo da aka sa wa maganin kulorin yana ƙona musu wurin numfashi, sai ya kwana a buɗe. Ba a kuma ba su abinci. Tausayin da ke sa a watsa musu dusa shi ke ɓata ruwan, alhali ɗan kifi yana yin kwana biyu ba ci bai damu ba.

Su kansu kifayen ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Kawara tana ɗaukar hankalin tsage saboda ƙyallinta, amma ita ce ta farkon mutuwa, kuma da an taɓa ta da busasshen hannu ɓawonta ya zube. 'Yan karfasa sun fi ta juriya. 'Yan tarwaɗa kuwa suna iya shaƙar iska kai tsaye, don haka ba a toshe musu mazubi, ba a kuma haɗa su da waɗanda suka fi su ƙanƙanta, domin cinye su za su yi.

Akwai iyakar da doka ta shata. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta haramta su da guba, kifin da ya sha gamalin kuwa ba ya rayuwa a kowace irin randa. Haka nan Gandun Dajin Kamuku, wanda aka keɓe a 1936 aka kuma mayar da shi gandun ƙasa a 1999, ba a yin su a cikinsa sai da iznin hukumarsa.

Yaran da ke ajiye ɗan kifi a kwalba don sha'awa su ma wannan ƙa'ida ce ta hau kansu: kifi ɗaya ko biyu, mazubi mai faɗin baki, nesa da taga mai rana.