Idan Giyar Injin Jirgin Ruwa Ta Fara Gardama: Abin Dubawa Kafin a Kwance Inji

Da yawa daga cikin iyalan da ke nan Dar es Salam masunta ne tun a Baga da Doron Baga, kuma har yau tafkin Chadi ke ciyar da su. Yawancin injinan da ake aiki da su tsofaffi ne, irin su Yamaha mai doki 15, 25 ko 40, kuma sau da yawa gidaje da dama ne ke cin abinci da inji ɗaya. Idan giyarsa ta lalace, kamun ranar ya tafi. Idan kuwa a tsakiyar ruwa ta ƙi, magana ta koma ta rai.

Ba kowace matsalar giya ce ke buƙatar a buɗe cikin inji ba. Galibi daga waje take farawa, a wurin da mai jirgi zai iya dubawa da kansa.

Yadda giyar ke aiki

Hannun giya matsayi uku gare shi: gaba, furi da baya. A ƙasan inji, kusa da farfela, akwai giya biyu da ke juyawa muddin inji na aiki, ɗaya ta nan, ɗaya ta can. A tsakaninsu akwai wani ƙarfe mai haƙora. Idan kun ja hannun giya, wata doguwar sandar ƙarfe ce ke tura shi ya kama ɗaya daga cikinsu, sai farfela ta juya.

Saboda haka a sauke totur gaba ɗaya, sannan a sa giya da sauri, lokaci guda. Ƙara ɗaya, "ƙas", ba laifi ba ce. Mai lallaɓa hannun a hankali don tausayin inji, har ana jin "ƙarrr", shi ke cinye haƙoran.

Kafin ku taɓa farfela

Ku kashe inji, ku cire hular fulogi. Kada ku tayar da inji a kan tudu ba ruwa, domin robar da ke tura ruwan sanyaya shi tana ƙonewa nan da nan.

1. Hannun giya ya yi tauri

Ku fara tabbatar da cewa totur ya sauka har ƙarshe, domin wasu injinan ba sa barin giya ta motsa sai an sauke shi. Sannan ku buɗe murfi ku bi mahaɗan hannun. Yashi da tsatsa da busasshen giris kan riƙe su. A wanke, a sa sabon giris. Idan inji a kashe yake kuma giya ta ƙi shiga, kada ku danna da ƙarfi, haƙoran ne ba su daidaita ba. Wani ya juya farfela da hannu a hankali, za ta faɗa. Ƙarfi yana lanƙwasa sandar.

2. Giya na shiga da duka, jirgi na zabura

Silo ya yi yawa. Inji na gudu fiye da kima alhali ba a murɗa totur ba, don haka haƙoran ke karo da ƙarfi. A bar inji ya yi zafi a cikin ruwa, sannan a rage silo kaɗan-kaɗan a jikin kafireto, har ya zauna ba tare da ya mutu ba idan an sa giya.

3. Inji na kuka, jirgi ba ya tafiya

A nan mutane da yawa ke cewa giya ta mutu, alhali farfela ce. A ƙananan tsofaffin injina akwai ɗan fin da aka yi shi don ya karye idan farfela ta bugi kututture ko ƙasa, ya ceci giya. Canza shi aikin 'yan mintoci ne, don haka kada a rasa na ajiya a jirgi. Wasu farfelun kuma roba ce a tsakiyarsu, idan ta saki sai ta riƙa sulɓewa. Ku ja layi da fenti ko ƙusa daga tsakiyar farfela zuwa jikinta, ku ɗan yi tafiya, ku sake dubawa. Idan layin ya rabu, farfela za a gyara ko a canza.

4. Giya na fita da kanta

Ana cikin tafiya sai a ji kamar an bugi wani abu, inji ya yi ihu, ya sake kamawa. Ko dai mahaɗin sandar ya kwance har haƙoran ba sa shiga sosai, ko kuma sun riga sun cinye. Na farko ɗauri da saiti kawai yake so. Amma idan aka ci gaba da aiki a haka, ko aka ɗaure hannun giya da igiya, ƙaramin gyara zai zama sayen giya sukutum. Wannan na makanike ne, kuma a kai da wuri.

5. Man giya

Akwai sukuru biyu a gefen ƙasan inji. Ku tsayar da inji a miƙe, ku tara kwano, ku kwance na ƙasa, sannan na sama. Idan man ya fito fari kamar madara, ruwa ya shiga. Yawanci zaren raga ko na ƙugiya ne ke naɗewa a bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa, wadda makanikai ke kira sil. Shi ya sa yake da kyau a riƙa cire farfela ana share zare da ciyawa. Ɗan garin ƙarfe mai laushi a jikin sukuru ba abin tsoro ba ne, amma gutsattsarin ƙarfe alama ce giya na ci.

A zuba man giya mai lamba 90, ba baƙin man mota ba. Ta ramin ƙasa ake tura shi har ya ɓullo ta na sama. A rufe na sama tukuna, sannan na ƙasa, da washa mai kyau. A canza shi bayan kimanin awa 100 na aiki. Tsohon man kuma kada a zubar da shi a tafki.

Kafin ku bar gaɓa

Ku gwada gaba, furi da baya tun jirgi na bakin ruwa. Ku ɗauki filafili, gorar tuƙi, rigunan kariya, filaya, sifana da fin na ajiya. Ku sanar da na gida inda za ku da lokacin dawowa, ku kuma kiyaye wurare da lokutan da hukuma ta yarda a yi su. Idan giya ta nuna alama da safe, a haƙura da fitar ranar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda ya karanta, don Allah ya karanta wa maƙwabcinsa.