1922: Shekarar da rubutacciyar waƙar Turawa ta sauya kama

Shekara huɗu bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, marubuta waƙoƙi na lalube harshen da zai iya ɗaukar ɓarnar da Turai ta gani. A watan Oktoban 1922, T. S. Eliot, haifaffen Amurka mai aikin banki a Landan, ya fitar da "The Waste Land". Waƙar ta zo gutsure-gutsure, muryoyi da harsuna na katse juna, babu tsayayyen amsa-amo. Abokinsa Ezra Pound ne ya zaftare kusan rabinta, aka tsira da ɗango 434. Wasu manazarta suka ce shirme ce, matasa kuwa suka rungume ta.

Tun a Fabrairun shekarar, can Suwizalan, Rainer Maria Rilke ya kammala "Duineser Elegien" cikin Jamusanci, bayan shekara goma yana fama da su.