Ɗamarar Ɗaga Nauyi: Kaurinta, Faɗinta da Aikinta a Jikin Ɗan Adam

Gabatarwa

A lokacin girbin shinkafa, duk wanda ya bi hanyar Faru zuwa Maradun, ko ya shiga kasuwar Talata Mafara ranar Talata, zai ga 'yan dako suna cicciɓar buhuna zuwa kan mota. Wasunsu sukan tamke ƙugu da rawani ko tsohon zane kafin su sunkuya. Tun bayan da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, noman rani ya ƙara yawan irin wannan aiki a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. A gefe guda kuma akwai samarin da ke ɗaga ƙarfe da yamma, galibi da bututun da aka cika gwangwani da siminti a kowane ƙarshensa, kuma da yawansu suna sha'awar faffaɗan bel ɗin fata da suke gani a ƙugun zakarun duniya.

Bahaushe ya daɗe da sanin ɗamara, domin ɗan kokawa da maharbi duk sukan ɗaura ta, har kalmar ta zama tana nufin shiri da ƙuduri. Wannan maƙala za ta duba abin da kimiyya ta gano game da ɗamarar ɗaga nauyi, da yadda ake zaɓen kaurinta da samfurinta, da kuma iyakar abin da za ta iya yi.

Nauyin da Kwankwaso Ke Ɗauka

Ƙashin bayan mutum jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33: bakwai a wuya, 12 a bayan ƙirji, biyar a kwankwaso, sauran tara kuma suna ƙasa, yawancinsu a manne da juna. Tsakanin ƙasusuwan da ke motsi akwai faya-fayan guringuntsi masu aiki kamar matashi. Na kwankwaso su suka fi shan wahala, kuma ɗan lissafi kaɗan zai nuna dalili.

A ɗauka mutum ya sunkuya zai ɗaga buhu mai kilo 50, wanda nauyinsa ya kai kimanin niyuton 500, kuma buhun yana nesa da kwankwasonsa da santimita 40. Tsokokin bayan da za su miƙar da shi suna ja ne daga tazarar santimita 5 kacal daga tsakiyar ƙashin. Bisa ƙa'idar liba da ake koyarwa a darasin fiziks, ƙarfin da tsokokin za su yi shi ne 500 sau 40 a raba da 5, wato niyuton 4,000. Wannan daidai yake da ɗora kusan kilo 400 a kan faifan guringuntsi guda, kuma ba a ma sa nauyin gangar jikin mutumin a lissafin ba. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ɗauki niyuton 3,400 a matsayin iyakar matsin da bai kamata a riƙa wucewa ba a wannan wuri. Amma idan aka rungumo buhun ya dawo santimita 20 daga kwankwaso, ƙarfin zai sauko zuwa niyuton 2,000. Ke nan matso da kaya kusa da jiki kawai ya rage rabin wahalar, tun kafin a yi zancen ɗamara.

Yadda Ɗamara Ke Aiki

Mutane da yawa suna zaton ɗamara tana tallafe baya ne kamar yadda karan ɗori ke riƙe karyayyen ƙashi. Ba haka ba ne. Babban aikinta a kan ciki yake.

Cikin mutum kamar salka ne cike da ruwa. Daga sama akwai faffaɗar tsokar numfashi da ta raba ƙirji da ciki, daga ƙasa akwai tsokokin ƙugu, daga gaba da gefe kuma akwai tsokokin ciki. Idan mai ɗaga nauyi ya ja numfashi sosai, ya riƙe shi, ya ƙanƙame tsokokin ciki, sai matsi ya ƙaru a cikin wannan salka. Kamar yadda Bafaranshen nan Blaise Pascal ya nuna a ƙarni na 17, matsin da aka yi wa ruwan da ke rufe yana bazuwa ta kowane ɓangare. Saboda haka cikin yakan yi tauri, ya zama wani ginshiƙi a gaban ƙashin baya wanda ke hana gangar jiki lanƙwashewa. Ana kiran wannan riƙe numfashi da sunan Antonio Valsalva, wani likita ɗan Italiya da ya rasu a 1723.

Ɗamara tana ba tsokokin ciki bangon da za su tokara. Wani bincike da Harman da abokan aikinsa suka buga a Amurka a 1989 ya auna matsin cikin masu cirar nauyi daga ƙasa, ya tarar ya fi yawa idan sun ɗaura ɗamara. Daga nan za a fahimci cewa ɗamarar da ke miƙewa kamar roba ba ta da amfani sosai, haka nan wanda bai koyi riƙe numfashi da tura ciki ba, ado kawai ya ɗaura.

Ƙa'idar Gasa

Wasan da ya fi dogara da wannan ɗamara shi ne gasar ɗaga nauyi mai rukuni uku: tsugunawa da ƙarfe a kafaɗa, da tura ƙarfe sama daga kwance, da cirar ƙarfe daga ƙasa. Hukumar wasan ta duniya, IPF, wadda aka kafa a 1972, ta ƙayyade cewa faɗin ɗamara kada ya wuce santimita 10, kaurinta kuma kada ya wuce milimita 13. Dole ta kasance ta fata ko wani abu makamancinta da ba ya miƙewa, kuma ba a yarda a cusa mata soso ko ƙarfe a ciki ba. A ɗaya wasan, wanda ake fizgar ƙarfe zuwa saman kai a gasar Olamfik, an yarda faɗin ya kai santimita 12.

Nijeriya ta yi suna a reshen naƙasassu na wannan wasa, inda rukunin kwance kaɗai ake yi. Lucy Ejike ta ci zinare a 2004 da 2008 da 2016, ita kuma Folashade Oluwafemiayo ta tura kilo 167 a birnin Faris a 2024, ta kafa tarihin duniya.

Kauri: Milimita 10 ko 13?

Masu ƙera ɗamarar gasa sun fi yin kauri iri biyu, milimita 10 da milimita 13, sai kuma siririya mai kusan milimita 6 ko 7 don atisaye. A ido, bambancin milimita 3 ba wani abu ba ne, amma a jiki yana da girma, kuma ga dalilin.

Turjiyar ɗamara ga miƙewa tana ƙaruwa daidai da kaurinta. Idan fatar iri ɗaya ce, mai milimita 13 ta fi mai 10 da kashi 30 cikin ɗari kawai. Amma turjiyarta ga lanƙwasawa tana bin kaurin ne idan an ninka shi da kansa sau uku. Lissafin 1.3 sau 1.3 sau 1.3 yana ba da kusan 2.2, wato mai kaurin ta fi ninki biyu wajen ƙin lanƙwasuwa. Ma'anar wannan ita ce, ribar da aka samu wajen tokare ciki kaɗan ce, amma ƙarin taurin da zai riƙa cizon haƙarƙari da ƙashin ƙugu mai yawa ne. Tana kuma ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ta yi laushi ta bi surar jiki.

Saboda haka mai milimita 10 ta wadatar da mafi yawan mutane, har da masu shiga gasa. Mai milimita 13 ta fi dacewa da ƙaton mutum mai faɗin ƙugu wanda ke tsugunawa da ɗaruruwan kilo. Siririn saurayi idan ya ɗaura ta, yakan kasa sunkuyawa yadda ya kamata, sai ya gantsare ko ya ƙudundune bayansa don guje wa zafi, abin da ya fi rashin ɗamarar haɗari.

Faɗi da Maɗauri

Ɗamarar da aka fi gani a kasuwa faffaɗa ce a baya, siririya a gaba. Tun da aikin a ciki yake, wadda faɗinta ɗaya ne ko'ina ta fi ba tsokoki wurin tokara. Kafin a saya, sai a auna tazarar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu. Wanda gangar jikinsa gajeruwa ce, mai santimita 7 da rabi za ta fi masa mai santimita 10, musamman wajen cirar ƙarfe daga ƙasa. Tsawon kuwa, a daidai cibiya ake auna shi, ba da lambar wando ba.

Maɗauri iri uku ne. Mai harshe ɗaya shi ne mafi sauƙi, ana iya sauya rami idan ciki ya cika ko ya saɓe. Mai harshe biyu bai ƙara wani tallafi na a zo a gani ba, ga wahalar kwancewa idan an gaji. Na uku shi ne mai hannun ƙarfe da ake dannawa ya kulle nan take. Yana tamkewa sosai kuma yana buɗewa da sauri, amma sauya girmansa sai an kwance noti da sukundireba, kuma idan ƙarfen mara kyau ne yana iya karyewa. Mai manne-manne ta yadi tana da daɗin sawa, sai dai tana iya ɓallewa a tsakiyar ɗagawa idan ta tsufa.

Ƙasar Sakkwato da Zamfara gidan jima da dukanci ce, don haka baduku na iya ɗinka ɗamara mai kyau. Fatar akuya, duk da sunan da ta yi a duniya, ta yi laushi ga wannan aiki. Ƙirgin saniya da aka jeme da bagaruwa ake nema, a haɗa falle biyu ko uku a ɗinke su da kyau, a kafe maɗaurin da ƙusoshi masu ƙarfi. A ajiye ta a inuwa, domin rana da iskar hunturu suna tsattsaga fata.

Iyakar Ɗamara da Haɗarinta

Ɗamara ba maganin ciwon baya ba ce. A 1994 hukumar NIOSH ta bayyana cewa babu isasshiyar hujjar da ke nuna tana kare ma'aikata daga rauni. Wani babban bincike da aka buga a 2000, kan dubban masu ɗaukar kaya a manyan kantuna 160 na Amurka, bai ga raguwar ciwon baya ga masu ɗaura ta ba. Don haka ɗan dakon da ya tamke ƙugu kada ya ɗauka ya sami lasisin ƙara buhu. Ita dai hukumar ta sa kilo 23 a matsayin nauyin da akasarin ma'aikata za su iya ɗagawa ba tare da cutuwa ba, shi ma idan komai ya daidaita.

Riƙe numfashi kuma yana ɗaga bugun jini ƙwarai. A jami'ar McMaster ta Kanada, a 1985, an auna wani mai ɗaga nauyi ya kai 480 bisa 350 na ɗan lokaci, alhali na lafiyayyen mutum a zaune bai cika wuce 120 bisa 80 ba. Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai gwaiwa, da mai juna biyu, kada su yi wannan sai da shawarar likita. Bugu da ƙari, a riƙa kwance ɗamara tsakanin ɗagawa da ɗagawa, kuma kada a tamke ta har yatsa ya kasa shiga.

Kammalawa

Ɗalibin sakandare da ya fara ɗaga ƙarfe ba ɗamara ce buƙatarsa ta farko ba. Ya fara da nauyi kaɗan a gaban malamin wasanni, ya koyi lanƙwasa gwiwa da ƙugu, da miƙe baya, da riƙe kaya kusa da jiki. In ya ƙware har nauyin ya kusa iyakar ƙarfinsa, to ɗamarar fata mai milimita 10 da harshe ɗaya, wadda faɗinta ya dace da jikinsa, za ta yi masa shekaru. Malaman fiziks kuwa suna iya kai ɗalibai rumbun makaranta da magwajin tsawo, su auna tazarar buhu daga kwankwaso a tsaye da a sunkuye, sannan kowa ya lissafa da kansa nauyin da bayan mahaifinsa ke ɗauka a gona.