Amsoshin Takardunku: Me Ke Sa Sabuwar Sarƙar Injin Katako Tsinkewa?

A wannan makon mun haɗa takardu biyu wuri guda domin hanyarsu ɗaya. Ta farko daga wani mai sauraronmu ce a ƙasar Kebbe, mai sana'ar tsaga katako da inji. Ya ce ya sayo siririyar sarƙa saboda an gaya masa ba ta ɓarnar itace, amma ko mako ba ta yi ba ta saki, ta riƙa zamewa, daga bisani ta tsinke. Ta biyu kuwa daga wani ɗan kasuwa ce a Tambuwal mai sayar da kayan gyara, wanda ke son sanin dalilin da ya sa ake dawo masa da sarƙa ana cewa jabu ce, alhali lambar da ke jikinta daidai take da ta injin mai saye.

To, Malam na Kebbe, da kai Alhaji na Tambuwal, sau da yawa ba sarƙar ce da laifi ba. Aure aka ɗaura mata da wanda ba mijinta ba.

Abubuwa uku ne ke aiki tare a bakin injin. Akwai sarƙa. Akwai dogon ƙarfen da take zagayawa a kansa, bari mu kira shi takobi saboda kamarsa. Sannan akwai ɗan ƙarfe mai haƙora a jikin kuloci wanda ke jan sarƙar, watau sifiroket, kamar dai na babur. In ka juya sarƙa za ka ga 'yan ƙafafu a ƙarƙashinta. Su ne ke faɗawa tsakanin haƙoran sifiroket, su ne kuma ke gudu a cikin kwarmin takobi. Muddin ɗaya daga cikin ukun nan ya saɓa wa sauran, to, aiki ya ɓaci.

Awo na farko shi ne tazara. Ɗauki rula ka auna daga tsakiyar ƙusar sarƙa ta farko zuwa tsakiyar ta uku, ka raba biyu. Abin da ya fito shi ne lambar da ake bugawa a kwali: .325, ko 3/8, ko .404 na inci. In ba ka son lissafi, ƙusa uku a sarƙar .325 milimita 16 da rabi ne, a ta 3/8 kusan 19, a ta .404 kuwa 20 da rabi. Manyan injuna irin Stihl 070 da kwaikwayonsa na ƙasar Sin, waɗanda masu tsaga katako suka fi sabawa da su, da .404 suke zuwa.

Ga inda gizo ke saƙar. Sarƙar 3/8 iri biyu ce. Akwai babba, akwai kuma gajeruwa, wadda ita ce siririyar da kake magana. Lambarsu ɗaya, amma ƙirarsu daban. Gajeruwar jikinta bai kai na babbar tsayi ba, ƙafafunta kuma ƙanana ne. In ka ɗora ta a kan sifiroket na babbar, za ta shiga, har ma ta juya, ka ɗauka komai lafiya. Amma ƙafafun ba sa zama daram a gurbinsu, sai haƙori ya riƙa dukansu a gefen da bai kamata ba, sau dubbai a cikin minti ɗaya. Kafin ka ankara ƙafafun sun daku sun yi leɓe, suna cijewa a kwarmin takobi, ramukan ƙusoshi sun buɗe, sarƙa ta ƙara tsawo. Kana ɗaurewa tana saki, har ranar da za ta tsinke. Sarƙar da ta tsinke inji na gudu kuwa bulala ce ta ƙarfe, ba ta san hannu ba, ba ta san ƙafa ba.

Yaya za ka gane su a kasuwa? Kamfanin Stihl na kiran gajeruwar Picco, yana buga 3/8 P a jikin kayanta. Kamfanin Oregon na Amurka kuwa lamba yake bugawa a kan ƙafar sarƙa: 90 ko 91 gajeruwa ce, 72 da 73 da 75 babbar 3/8 ce, 27 kuma .404 ce. Alhaji, wannan harafi na P shi ne ke jawo maka rigima da abokan ciniki. Duk wanda ya zo sayen sarƙa, ka ce ya zo da tsohuwar, in da hali har da sifiroket ɗinsa. Ka naɗa sabuwar a kansa da hannu, ka ja a hankali. In kowace ƙafa ta kwanta a gurbinta ba ɗagawa ba wasa, an dace. In tana hawa kan haƙori, kada ka sayar, ko da ya matsa.

Awo na biyu shi ne kaurin ƙafa, wanda dole ya yi daidai da faɗin kwarmin takobi. Guda huɗu aka fi sani: milimita 1.1, da 1.3, da 1.5, da 1.6. Gajeruwar sarƙa 1.1 ce ko 1.3, takobin manyan injuna kuwa galibi 1.6 ne. Ka sa ƙafar 1.3 a kwarmin 1.6, kamar yaro ne ya sa takalmin babansa. Sarƙa za ta riƙa kwanciya hagu da dama, katako ya fito da tudu da kwari, kafinta ya rage maka kuɗi. Har wa yau, in takobinka mai ɗan sifiroket ne a hanci, shi ma dole tazararsa ta zama irin ta sarƙar. Ka ga ke nan mai son komawa siririyar sarƙa abu uku zai saya tare, ba ɗaya ba.

Shi kansa sifiroket iri biyu ne. Akwai mai kamar tauraro wanda aka haɗe da kwanon kuloci, in ya cinye sai a canza duka. Akwai kuma zobe, wanda ake zurawa a wuyan kwanon, a zare shi kaɗai in ya gaji. Zoben ya fi sauƙin canzawa, amma ka lura wuyan ma akwai babba akwai ƙarami. Batun yawan haƙora kuwa, mai 8 ya fi mai 7 gudu, mai 7 ya fi ƙarfin ja. Tsaga gungume a tsawonsa aiki ne na ƙarfi, saboda haka mai 7 ya fi maka.

To, shin siririyar ma tana da riba? Tana da ita. Sarƙar .404 kan cinye kusan milimita 9 a kowane yanka, siririyar kuwa kusan 6. Milimita 3 ke nan kake tsira da su daga zama dusa. In ka yi yanka goma sha ɗaya, ka tara abin da zai ba ka ƙarin katako ɗaya mai kaurin inci guda. Inji ma bai cika wahala ba tunda abin da yake ci kaɗan ne. Amma fa asalinta don ƙananan injuna aka yi ta. A kan matsakaicin inji da gungumen dogon yaro wanda bai cika kauri ba, za ta yi maka aiki in ka haɗa mata kayanta. In kuwa 070 gare ka, kana fama da ƙirya ko marke ko tsohuwar giginya ta azara, shawararmu ka tsaya a kan .404 ɗinka. Ƙarfin injin ya fi ƙarfin sarƙar, kuma sifiroket mai P na irin wannan inji da wuya ka same shi ko a Sakkwato ko a Jega. Kada kuma ka yarda a goge maka haƙoran wani a ce an mai da shi daidai.

Saura kulawa. Haƙorin sarƙar sare itace a kan wasa shi a karkace kamar digiri 30, na tsagawa kuwa digiri 10, shi ke sa fuskar katako ta yi sumul. Magagarin siririya milimita 4 ne, na .404 kuwa 5.5, kada a haɗa su. Ka duba sifiroket a kai a kai, inji a kashe. In zanen da sarƙa ta yi masa ya kai zurfin rabin milimita, ya gama aiki. Ƙa'idar da masu ƙera injunan suka bayar ita ce sarƙa biyu, sifiroket ɗaya, domin tsohon sifiroket shi ke kashe sabuwar sarƙa. Ka ɓare ɓawon gungume kafin ka fara, musamman da hunturu, don yashin da iska ta cusa a ciki ya fi itacen kansa cin haƙori. Baƙin man da aka juye daga mota kuma yana ɗauke da garin ƙarfe, arharsa ba ta ado.

Daga ƙarshe, kafin ka kayar da itace ka nemi izinin ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukumarka, in ka sare ɗaya kuma ka dasa wani, don 'ya'yanka su ma su sami abin tsagawa. Muna fata mun gamsar da ku. A ci gaba da aiko da takardu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.